Wa Ya Ci Natto a Gidan Inomata?

Jami'ar Lardi, 27 ga Oktoba

Zuwa ga Yaya Tokuji,

Gaisuwa mai yawa. Sanyi ya fara gangarowa daga duwatsu, ganyen itatuwan harabarmu duk ya yi ja. Ina fata kana lafiya, ƙafar Inna kuma ta yi sauƙi.

Tun da ka kashe mini waya har sau biyu, na koma takarda, ita ba ta da maɓallin kashewa. Ka daure ka kai ƙarshenta kafin ka jefa ta murhu.

Gwamnatin lardi ta fito da wani shiri. Duk mai bincike a jami'a da ya kafa kamfani a kan wata tsohuwar sana'a ta yankin nan, za a ba shi ɗaki da kayan aiki da tallafi na shekara biyar. Sharaɗin guda ne, sai wani tsohon gidan sana'ar ya buga hatiminsa a takarda cewa tare ake tafiya. Kwamitin zai zauna ranar 20 ga Disamba.

Ni da malamina, Farfesa Hasebe, mun ɗora namu a kan irin koji na gidanmu, fumfunar nan da ake tsima wake da ita a yi misonmu na miya tun zamanin kakan kakanmu. Ka tuna cokali ɗayan da Baba ya ƙunsa mini a takarda shekara shida da suka wuce, kafin ya rasu? Yana nan cikin 'yar kwalba a firizar jami'a. Na gwada shi iya gwaji, Yaya, babu irin da ya kai shi jure zafi, kuma ka san zafin da ake yi 'yan shekarun nan shi ke lalata wa masu miso aiki. Muna yara gidan miso talatin da ɗaya ne a kwarinmu na Okunami. Yau huɗu suka rage, biyu a ciki babu magaji. Kamfanin zai riƙa hayayyafa irin yana ba su, su da wasu gidajen na nesa.

Ba zan ɓoye maka tawa ba. Kwantiragina da jami'a zai ƙare a watan Maris. Idan kwamiti bai ɗauke mu ba, shekara goma sha huɗu da na yi ina leƙen fumfuna sun tashi a banza, sai in tattara in bar lardin.

Abu biyu nake roƙo: hatimin gida, da izinin kawo mutanen lardi su ga yadda ake sabunta iri. Ka gaishe mini da Inna.

Ƙanwarka,
Chizuru

Okunami, 2 ga Nuwamba

Auta,

Takardarki ta iso, ban ƙona ta ba. Nan ma sanyi ya kama, an gama girbin wake, manoman Kitahara sun kawo nasu jiya. Inna lafiya lau.

Hatimi kam a'a. Baba ya ba ki cokali ɗaya ne don ki yi karatu, bai ba ki don ki buɗe kanti ba. Ni ya kama hannuna a asibiti ya ce, "Tokuji, iri ba ya fita ƙofar nan." Ina tsaye ya faɗa, ke kina can birni kina rubuta jarrabawa. Idan kowane gida daga nan har bakin teku ya samu irinmu, me zai sa mutum ya hawo tudun nan neman mison Inomata? Kyawun fuskata?

Kuma mutanen lardin nan na san su. Shekara goma baya sun zo da shirin yawon buɗe ido, suka kafa mana allo mai hoton gangar miso a bakin hanya. Allon na nan, ruwa ya cinye rubutun. Yanzu kuma sun gano jami'a. Da an canja shugaban ofis za su gano wani abin.

Zuwan kuwa na yarda, don kada a ce na kunyata ki gaban malaminki. Ranar 15 ga wata zan sabunta iri, ku zo da hantsi. Kin san dokar gida, amma mutanen birni ba su sani ba, sai ki rubuta musu da manyan baƙi: duk wanda zai shiga ɗakin koji kada ya ci natto har kwana bakwai kafin ranar. Kada ya taɓa shi, kada ya zauna teburin da ake cinsa. Daddawar nan mai yauƙi, ƙwayarta ɗaya ta isa ta cinye ɗaki guda. Shekara hamsin da huɗu gare ni ban san ɗanɗanonta ba, ba za su mutu ba don sun haƙura mako guda.

Ki zo da safar hannu ta kirki, Inna ta ce kullum da siririyar riga kike zuwa kamar mai zuwa bakin ruwa.

Yayanki,
Tokuji

Okunami, 21 ga Nuwamba

Chizuru,

Ba ni da gaisuwa yau. Iri ya tafi.

Bayan tafiyarku da kwana biyu na ɗaga mayafin shinkafar, wani wari ya doke ni. Na sa hannu, maimakon ta warwatse a yatsuna sai ta biyo su da yauƙi. Na kira tsohon ma'aikacinmu Genzo, ya shinshina sau ɗaya ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Maigida, wani ya ci." Na ce masa na sani. Ya ce, "Akwatin fa?" Akwatin uwar iri, wanda ban taɓa buɗewa gaban baƙo ba, ke kika ce in buɗe su ɗauki hoto. A buɗe ya yini cikin ɗakin. Na ɗebi kaɗan daga abin da ya rage na gwada a wata shinkafar dabam. Jiya ita ma ta yi yauƙi.

Na yi abin da ake yi. Na kwashe shinkafar da mayafan da sauran abin da ke akwatin, na ƙona su a bayan gida, muka wanke ɗakin da tafasasshen ruwa sau uku. Yanzu ɗakin fes yake, babu komai cikinsa. Ga wake buhu ɗari da ashirin a rumbu, idan ban ɗora miso kafin ƙarshen Janairu ba, bana babu miso a gidan Inomata, abin da ko lokacin yaƙi bai faru ba.

Mutum tara kika kawo mini. Wannan mai jan ɗaurin wuya daga ofishin lardi har hannu ya tsoma cikin shinkafa yana cewa, "Kai, ɗumi kamar jariri!" Malaminki kuma yana ta sunkuyawa yana murmushi. Ina ta juya abin a raina. Ranar 14 ga wata iri yana wuri biyu a duniya, ina da ikon cewa a'a. Yau yana wuri ɗaya, a firizarku. Ki gaya mini wa wannan ya yi wa daɗi.

Ban ce ke ba ce. Amma ki tambayi mutanenki abin da suka karya da shi a otal. Kuma ki aiko mini da kwalbar Baba, kayan gidanmu ne.

Tokuji

Ɗakin Bincike na Biyu, Jami'ar Lardi
26 ga Nuwamba

Zuwa ga Maigida Inomata Tokuji,

Ina miƙa gaisuwa cikin girmamawa a wannan lokaci da dusar ƙanƙara ta fara rufe kan duwatsu. Ina ƙara godiya da karɓar da aka yi mana, wadda ta fi ƙarfin matsayinmu.

Dakta Inomata ta sanar da ni abin da ya faru. Ban san kalmar da zan yi jaje da ita ba. Shekara talatin ina nazarin fumfuna, kuma ban taɓa ganin iri mai kyan na gidanka ba.

Na bi mutum takwas ɗin da muka zo tare ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya rubuta abin da ya ci a makon ya sa hannu. Otal ɗin ma ya tabbatar cewa tun kafin mu sauka aka janye natto daga teburin safe, bisa roƙonmu. Ni kaina iyalina sun yi kwana goma ba a shigo da shi gidana ba. Ba na faɗin wannan don in wanke kaina, idan aka gano daga wajenmu ne zan zo da kaina in sa goshi a ƙasa.

Game da kwalbar, ina jin nauyin abin da zan faɗa. Tun da aka shigar da ita rajistar jami'a shekara shida baya, ta zama cikin kayan da ba ni da ikon fitarwa da bakina. Na je ofishin da ke kula da wannan har sau biyu. Amsarsu ɗaya ce: ana bayar da iri ga gidan da ke da yarjejeniya da jami'a ne kawai. Neman a keɓe ka daga dokar zai ɗauki wata huɗu zuwa biyar. Na san yadda wannan zai yi kama a idonka, kuma ina jin kunyarsa.

Ina roƙon ka kula da lafiyarka cikin sanyin nan.

Naka cikin ladabi,
Hasebe Noritaka

Jami'ar Lardi, 30 ga Nuwamba

Yaya,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Sauran gaisuwar sai na huce.

Ka ƙona! Ka ƙona ba ka ko ɗaga waya ba! Kana da ƙanwa da ta yi shekara goma sha huɗu tana koyon raba fumfuna da ƙwayar cuta, tafiyar awa biyu a jirgin ƙasa tsakaninku. Da ka ɗebo mini ko rabin cokali na shinkafar nan mai yauƙi, da cikin kwana goma na tsamo maka irinka tsaf. Amma ina, kakan kakanmu ya ce a ƙona, shi ke nan aka ƙona. Shi ba shi da madubin ganin ƙwayoyi, Yaya, wuta kawai gare shi. Da na karanta wajen na kifa kaina a tebur na yi kuka har ɗalibai suka fice suka bar mini ɗakin.

Sannan ka ce ba ka ce ni ba ce. Ka faɗa mana. Ka ce ƙanwarka ta kawo mutane su kashe abin da ubanta ya mutu yana tsaro, don ta samu hatimi. Ni da na girma a gidan da ko a makaranta aka raba natto sai in ture kwanona, yara suna mini dariya suna cewa 'yar gidan fumfuna. Har yau idan na bi ta gabansa a kanti sai na ja numfashi na riƙe.

Na je ofishin kayan jami'a da kaina. Na ce wa matar, "Ubana ne ya ba ni a takardar ƙunshin shayi." Ta ce, "Dakta, to wa ya cika takardar rajista?" Na ce ni. Ta juyo mini da ita ta nuna sa hannuna. Gaskiyarta. Ina ɗaliba na sa hannu ban karanta ba, murna nake an ba ni gurbi a firiza. Wannan laifin nawa ne, na ɗauka.

Yanzu hanya ɗaya ce a fili, kuma na san ba za ka bi ta ba, domin za ka ga kamar an shaƙe ka ne. Ni ma ba na son hatimin da aka samu ta haka. Ka ba ni 'yan kwanaki in yi tunani.

Wani abu kuma. Ranar da muka zo, Inna ta kira ni da sunan Gwaggo Sadako sau biyu, kuma ta tambaye ni ko Baba ya dawo daga rumbu. Ka ce mini gajiya ce. Gajiya ce da gaske?

Chizuru

Jami'ar Lardi, 8 ga Disamba

Yaya,

Ina fata kuna lafiya. Kwana takwas ban ji daga gare ka ba, na ɗauka amsar ke nan.

Na yanke shawara. Ranar Asabar mai zuwa, 13 ga wata, ni ke duba firiza. Zan sa kwalbar cikin filas da ƙanƙara in hau jirgin ƙarfe goma da arba'in, ka sa Genzo ya jira ni a tasha da mota. Ka tanadi shinkafa da tokar itace.

Ƙofar tana rubuta sunan duk wanda ya buɗe ta, don haka ranar Litinin za a sani. Na riga na rubuta takardar ajiye aiki, tana aljihun teburina. Kamfanin ya mutu ke nan, kuma babu jami'ar da za ta sake ɗaukar wadda ta saci kaya daga firiza. Farfesa bai san komai ba, kada ka sa shi ciki.

Ba don in burge ka nake yi ba. Ba zan iya zama ina kallon kwalba ta cikin gilashi ba alhali ɗakin Baba yana wofi. Ka yaga wannan takardar.

Chizuru

Okunami, 10 ga Disamba
(ta saƙon gaggawa)

Auta,

Kada ki taɓa firizar nan. Ki karanta wannan a zaune.

Ban yi shiru don fushi ba. Kunya ce ta hana ni ɗaukar alƙalami. Ranar 3 ga wata na shiga ɗakin Inna zan sauya mata bargo mai kauri. A ƙasan kabad, bayan kayan sanyi, na tarar da robobin natto, waɗanda aka cinye aka wanke aka jera su cikin juna. Na ƙirga goma sha tara.

Na je kantin Oba na bakin gada. Matarsa ta sunkuyar da kai ta ce, "Tun watan Satumba take zuwa, Maigida. Takan ce an aiko ta ne daga gidan babanta." Na ce, "Ke ba ki san gidan da take ba?" Ta ce, "Na sani. Amma da ka ga fuskarta lokacin da take karɓa, kai ma ba za ka hana ta ba."

Da na dawo na zauna kusa da Inna na nuna mata roba ɗaya. Ko a jikinta. Ta yi dariya ta ce, "Kai, kada ka gaya wa surukata. A garinmu kullum da safe muke ci, babana da kansa yake naɗe shi a kara. An ce idan na yi aure gidan masu miso shi ke nan ni da shi, shi ya sa nake ci tun yanzu." Surukar da take tsoro ta shekara talatin a ƙasa. Inna tana ganin ita budurwa ce, saura kwanaki a kai ta.

Kuma kin san wa ke wanke mayafan ɗakin koji ya ninke su da hannu tun kafin a haife mu. Ita ta ninke na ranar 15, ni na karɓa daga hannunta na rufe shinkafar da su.

Kin tambaye ni ko gajiya ce. Ba gajiya ba ce. Tun bazara na sani, likita ya faɗa mini sunan ciwon. Na ɓoye miki don ina ganin gida nawa ne, ni zan riƙe shi, kamar yadda na riƙe iri ni kaɗai a akwati ɗaya har na ƙona shi da hannuna. Sannan na ɗora wa baƙinki laifin. Na rubuta wa Farfesa Hasebe yau, kuma zan je in sa goshina a ƙasa gabansa, shi da mai jan ɗaurin wuyan.

Shekara sittin da ɗaya matar nan ta yi a gidanmu ba ta taɓa cewa tana marmarin komai ba. Ni ban ma san tana so ba, Auta. Ko sau ɗaya ban tambaye ta ba.

Na kunna turare gaban hoton Baba na gaya masa cewa shi ya fara fitar da iri daga ƙofar nan, a takardar shayi, kuma da bai yi ba da yau babu komai. Takardar yarjejeniyar tana cikin ambulan ɗin nan, na buga hatimi. Babu wanda ya shaƙe ni. Na ƙara layi ɗaya da hannuna, cewa gidaje ukun nan na kwarinmu su fara samu kafin kowa. Idan kwamitinku bai so layin ba, su zo su same ni.

Idan wannan ta iske ki kin riga kin ɗauka, ki mayar kafin Litinin. Ina roƙonki.

Yayanki,
Tokuji

Jami'ar Lardi, 13 ga Disamba

Yaya,

Gaisuwa gare ka da Inna.

Ɗan saƙo ya same ni a bakin ƙofar ginin, filas yana cikin jakata da kwalbar a ciki. Na karanta a tsaye, na koma na mayar da ita. Farfesa yana ɗakin. Ya dubi filas, ya dubi takardarka a hannuna, ya ce ai gara da na zo duba firizar da wuri, ya ci gaba da rubutunsa.

Ofis sun ce iri zai iso gare ka kafin ƙarshen wata, ko kwamiti ya ɗauke mu ko bai ɗauke mu ba. Ka kwantar da hankalinka, za a yi miso bana.

Gobe ina tafe a jirgin safe. Na sayi natto roba uku, mai manyan ƙwayoyi irin na garinsu Inna. Ɗakin koji a rufe yake, babu abin da za mu lalata. Za mu ci a tebur, mu uku, da rana tsaka.

Kada ka taɓa gaya mata, Yaya. Idan wata rana hankalinta ya dawo ta tambayi abin da ya samu irin, ka ce ni ce na ci.

Ƙanwarka,
Chizuru